Fom Mai Lamba Goma Sha Bakwai

Litinin, 6 ga Oktoba

Takardar gasar bincike ta makarantu ta iso. Shugabar makaranta ta ajiye min ita a kan tebur ta ce, "Malam, kai ne mai lissafi, kai za ka ja su." Kamar sai an roƙe ni. Shekara ashirin da shida ina wannan aiki, babu abin da ke faranta min rai kamar in ga yaro ya tsinci tambaya a titi ya mayar da ita lamba.

Na kai wa 'yan ajin ƙarshe. Hannun da ya riga kowa tashi na Don-me ne. 'Yan ajinsu ne suka laƙa mata sunan tun tana aji ɗaya, saboda ko ina kwana ka ce mata sai ta so jin dalili. Shekara uku ina koyar da ita. Irin ɗalibar nan ce da ke sa malami ya sake duba littafi kafin ya shigo aji.

Na ce wane bincike za ki yi? Ta ce tana so ta ƙirga kwanakin da masu shan sigari ke yi a gadon asibiti, da abin da suke kashewa, ta gwada da na waɗanda ba sa sha.

Na ce ga tsadar kuɗin mota, ga ƙarancin ruwan famfo, ga awannin da yara ke ɓatawa a waya. Ta ce a'a, wannan ɗin take so.

To ta yi mana. Ina ruwana.

Laraba, 8 ga Oktoba

Yau na rama, ni na tambaye ta don me. Babanta bakanike ne. Kwali ɗaya da rabi yake sha a rana, kuma tarinsa ne ke tashin gidan da safe. Sun yi magana har sun gaji. Ya ce musu shi ba ya jin wa'azin likita, inji ya sani, kuma inji da awo ake gane ciwonsa. Ya ce mata, "Ke da kike boko, kawo min lamba. In na ga lamba zan yarda."

Lambar take nema. Gasar ma kamar ba ta dame ta ba.

A wannan littafin dai ba sai na yi ɓoye-ɓoye ba. Shekara talatin da ɗaya ina sha. Kara biyu a mota kafin in shigo, ɗaya a bayan ɗakin janareta lokacin hutu, sauran sai an tashi. Ina da alewar minti a kowane aljihu. Ban taɓa sha a gaban ɗalibi ba, ban taɓa aiken ɗalibi ya sayo min ba, kuma babu wanda ya sani a makarantar nan. Huhuna ne, kuɗina ne. Lissafi aka ɗauke ni in koyar, kuma ina koyar da shi fiye da kowa a ginin nan.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Mun tsara fom ɗin. Daɗi kamar me. Maza talatin, daga shekara arba'in da biyar zuwa sama. Tambaya uku kacal. Kana shan sigari, i ko a'a. Kwana nawa ka yi a gadon asibiti cikin shekara goma da suka wuce. Kuɗin da aka kashe ya kai abin da kake samu a wata nawa. Babu suna, lamba kawai a saman takarda, a ninke a jefa a akwati.

Na rubuta musu dokoki biyu a allo, na sa duk ajin suka kwafa. Ba a taɓa amsar mutum, sai shi da kansa ya canja. Ba a jefar da lamba don kawai ba ta yi maka daɗi ba. Na ce musu duk wanda ya riƙe waɗannan biyun ya fi rabin masu digiri. Na ga idanunsu sun kawo haske. Wannan shi ne aikin, sauran duk cika rajista ne.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Bene mai hawa biyu, amma sai ka ce an ƙara masa matakala a hutun nan. Na tsaya a tsakiya ina karanta allon sanarwa. Sanarwar ta bara ce.

Litinin, 20 ga Oktoba

Fom ɗin Don-me bai cika ba, wasu iyayen sun ƙi. Ta kawo akwatin ɗakin malamai ta roƙi duk wanda shekarunsa suka kai ya taimaka. Mu shida ne. Ba yadda zan yi in zame, ni da na ce kowa ya ba ta haɗin kai.

Na ɗauki nawa na koma teburina. Lamba goma sha bakwai. Tambayar farko na sa alama a kan a'a. Ban ma yi tunani ba, hannuna ne ya yi, kamar yadda ya saba yi a kowace takarda tun ina saurayi. Malamin tarihi yana gefena yana leƙe kamar ɗan jarrabawar da bai yi karatu ba.

Ta biyu kuwa na zauna na ƙirga. Kwana goma sha huɗu karon farko, da ciwon huhu. Tara bayan shekara biyu. Ashirin da ɗaya lokacin da aka sa min iskar oksijin. Goma sha takwas bara waccan. Sittin da biyu. Na rubuta shi yadda yake. Ni ba na yi wa lamba ƙarya, ko a mafarki.

Ta uku na sa wata shida. Ina jin bai wuce haka ba.

Talata, 21 ga Oktoba

Ai a'a ɗin nan ba ƙarya ba ce ta kirki. Sirrin mutum ne. Fom ɗaya cikin talatin me zai yi.

Litinin, 27 ga Oktoba

Ta zo min bayan an tashi, fuskarta kamar wadda aka mara. Ta shimfiɗa takardun a kan tebur.

Masu sha mutum goma, jimillar kwanansu hamsin. In aka raba, biyar-biyar. Marasa sha mutum ashirin, jimillar kwanansu ɗari. In aka raba, biyar-biyar.

Biyar da biyar. Babu bambanci ko na ƙwayar zarra. A ɓangaren kuɗin ma babu wata tazara ta kirki.

Ta ce, "Malam, na yi sau huɗu. Ko dai ni ce ban iya rabawa ba?"

Na karɓa na duba, alhali tun kafin in duba na san inda matsalar take. Mutum goma sha tara a gefen marasa sha, duk kwanansu talatin da takwas ne. Sai ga lamba goma sha bakwai ya zauna a tsakiyarsu da sittin da biyu, shi kaɗai ya ja su sama.

Na ce mata lissafinta daidai ne. Kuma daidai ɗin ne. Na ce wani lokaci bincike yana ba ka abin da ba ka nema ba, mai bincike na gaskiya kuma ba ya kuka. Ta ce to. Ta tattara takardunta a hankali, ta yi min sai da safe.

Na sha uku a jere a mota kafin in tayar.

Laraba, 29 ga Oktoba

Na shiga ajinsu da ƙarfina. Na ce yau bari in tsaya wa masu sigari, ku kuma ku kayar da ni. Na ce na taɓa karanta cewa akwai masu binciken da suka ce in aka haɗa kuɗin asibitin mutum na duk rayuwarsa, mai sha ba lallai ya fi ba. Yana kashewa da yawa a kowace shekara, amma yana tafiya da wuri, ba ya kaiwa shekarun tsufa da ake ta jinya ba iyaka. Na zana musu layi biyu a allo, ɗaya mai tsayi gajere, ɗaya mai kwanciya dogo. Wallahi na yi bayani mai kyau. Har wani daga baya ya tafa.

Don-me ta ɗaga hannu. Ta ce, "Malam, in babana ya tafi da wuri, wannan rarar kuɗin wa za a ba? Mu?"

Na ce ba haka ake nufi ba, ana maganar jimilla ce ta al'umma.

Ta ce, "Kuma ni na lura da wani abu. Mutum biyu da na so in ba fom, abokan babana, an ce min sun rasu. Duk masu sha ne. Matattu ba sa cika fom, Malam. Ina za a sa kwanakinsu?"

Na ce ta rubuta wannan a ƙarshen rahotonta, a sashen abin da binciken bai kama ba. Na ce tambaya ce ta jami'a. Na faɗa da gaske, ƙirjina har ya cika da alfahari. Yarinya 'yar shekara goma sha bakwai!

Duk da haka layukana biyu ba ƙarya ba ne. Na bar su a allon.

Juma'a, 31 ga Oktoba

Malamin tarihi ya ce, "Malam Minti, na ji ka zama lauyan kamfanin taba." Na ce masa ya koma wajen sarakunansa da suka mutu. Ban san yaushe ya fara kirana da wannan sunan ba. Ciwon maƙogwaro nake sha wa minti, kowa ya sani.

Litinin, 3 ga Nuwamba

Don-me ta nuna wa babanta sakamakon. Ya matsa mata da tambaya, ita kuma ba ta iya ɓoye abu ba.

Ta ce ya yi dariya har sai da tari ya durƙusar da shi. Ya karɓi takardar ya manna a bangon gareji, kusa da inda yake rataye sifana. Duk wanda ya kawo mota sai ya nuna masa. "'Yata ce ta yi, da malaminsu na lissafi. Biyar da biyar! A bar mu mu sha iska." Ya saya mata lemo. Mamanta kuwa ta daina yi mata magana tun jiya.

Tana faɗa min tana murmushi irin na ƙarfin hali. Ta ce, "Ai shi ya ce in ya ga lamba zai yarda. Ya gani, ya yarda."

Mutumin nan shekararsa hamsin. Ni na sa masa sigari a baki? Tun kafin in san 'yarsa yake sha. Kowa da huhunsa.

Talata, 4 ga Nuwamba

Ranar goma sha huɗu ake miƙa rahoto. Kwana goma.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Na sami hanya, ko na ɗauka na samu. Na kira ta na ce mu sake duba fom ɗin ɗaya bayan ɗaya. Da muka zo kan goma sha bakwai na yi kamar yau na fara ganinsa. Na ce wannan ya fita daban da yawa, wataƙila mai shi kuskure ya yi, wataƙila shida yake nufi ko biyu. Na ce masu bincike sukan ware irin wannan gefe. In ta cire shi, marasa sha za su koma kwana biyu-biyu, masu sha biyar-biyar, ta sami abin da take nema, kowa ya huta.

Ta kalle ni. Ta buɗe littafinta ta juyo min da shi. Rubutunta ne, maganata ce. Ba a jefar da lamba don kawai ba ta yi maka daɗi ba.

Na ce akwai bambanci tsakanin jefarwa da warewa. Ta ce, "Don me za a ware shi, Malam? Mene ne shaidarmu cewa kuskure ne? In da a gefen masu sha ya faɗo, za mu ware shi?"

Ba za mu ware ba. Ni na koya mata wannan tambayar a aji biyu.

Na ce ta bar shi. Ta ce dama ba ta yi niyyar taɓawa ba.

Wannan shi ake kira ka wasa wuƙa da hannunka. Na fita bayan janareta, ashana ta ƙi kamawa har sai a ta huɗu.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Da hantsi muna zaune a falo, maman yara tana tsinke zaren wata riga, na ce mata a wasa, wai duk kwanciyata asibiti nawa muka kashe? Na ce ina jin albashin wata shida.

Ta ajiye rigar. Ta ce, "Wata nawa ka ce?"

Ta shiga ɗaki ta fito da gwangwanin biskit ɗin da nake gani a saman kwaba shekara da shekaru, na ɗauka maɓallai ne a ciki. Rasit ne. Na gado, na hoton ƙirji, na oksijin, na allurai, na maganin shaƙa da nake saya duk wata. Har kuɗin motar da take biya safe da yamma ta rubuta a bayan wasu. An ɗaure kowace kwanciya da robarta.

Ta ce, "Kai ne malamin lissafi. Bismillah."

Na ɗauko biro. Na yi sau biyu. Wata goma sha tara.

Na ce ai ba mu da wannan kuɗin, daga ina? Ta ce filin da muka saya don gini, ina yake? Na ce ai mun sayar ne saboda unguwar ta yi nisa. Ta ce, "Haka muka ce maka." Keken ɗinkinta babba, mai aiki da lantarki, ban lura ƙarami take takawa yanzu ba? Shekarar da babbar 'yarmu ta zauna a gida kafin ta shiga jami'a, na ɗauka da gaske gurbi ne ba ta samu ba?

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta yi faɗa da na san yadda zan yi da ita. Ta mayar da robobin, ta rufe gwangwanin, ta ce, "Baban yara, ni ban taɓa cewa ka daina ba, don na san ba za ka ji ba. Amma kada ka ƙara cewa kuɗinka ne a gabana."

Na ce ai ciwon huhu kowa yana yi, har jarirai. Ta ce haka ne, ta ci gaba da tsinke zarenta.

Lahadi, 9 ga Nuwamba

Abin da ya tsaya min a rai ba filin ba ne, Allah ya yafe min. Shida ɗin nan ne. Na rubuta shida inda ya kamata in rubuta goma sha tara. Ni. Lamba mara gaskiya da hannuna, a cikin binciken ɗalibata.

I da a'a magana ce. Wannan kuwa lamba ce.

Litinin, 10 ga Nuwamba

Zan iya gyara shidan kawai in bar sauran. Amma ta yaya zan ce mata na san mai fom ɗin? Kuma in na sa goma sha tara a gefen marasa sha, sai binciken ya nuna marasa sha ne suka fi kashe kuɗi. Daga nan sai bakanike ya sayi firam ya sa takardar.

Na koyar da darasi uku yau ban san me na faɗa ba.

Talata, 11 ga Nuwamba

Ba zan faɗa ba. Shekara ashirin da shida na gina sunana a makarantar nan. Iyaye suna roƙo a sa 'ya'yansu a ajina. Ni ne nake tsayawa a taron safe in ce musu su kiyayi abokan banza. Saboda gasar da ko ta ci kofin roba za a ba ta? Ba zan faɗa ba.

Laraba, 12 ga Nuwamba

Ta kawo min rahoton da ta kammala in sa hannu a matsayin malami mai kula. Shafi goma sha ɗaya, tsaf, ko ɗigo ba ta bari ba. A ƙarshe ta rubuta cewa binciken bai nuna bambanci ba, kuma ta karɓi sakamakon duk da ba shi ta so ba. A shafin godiya ta sa ni. Wanda ya koya min cewa gaskiyar lamba ta fi son raina.

A ƙasa akwai layin da zan sa hannu, cewa na duba kuma na tabbatar da ingancin bayanan.

Na riƙe biron ya kai minti ɗaya. Na ce ta rufe ƙofa. Sai kuma na ce a'a, ta bar ta a buɗe, ta ɗauko min fom na goma sha bakwai.

Na soke a'a na sa alama a kan i. Na soke shida na rubuta goma sha tara. Na sa hannu a gefen kowane gyara da kwanan wata, yadda na koya musu. Na tura mata. Ban ɗago kai ba.

Na ce, "Nawa ne. Ki sake lissafin."

Ta buɗe jakarta ta zaro wata takarda a ninke. An riga an yi lissafin. Masu sha goma sha ɗaya, kwana ɗari da goma sha biyu, kowanne goma da ɗan ɗoriya. Marasa sha goma sha tara, kwana talatin da takwas, biyu-biyu. Gurbin kuɗi kawai ta bari babu komai.

Na ce tun yaushe?

Ta ce tun mako biyu. Ta ce, "Malam, duk makarantar nan wa ya yi irin wannan kwanciyar in ba kai ba? Mu muka zo gaishe ka a aji ɗaya."

Na ce to sigarin fa, wa ya faɗa mata?

Ta rufe baki da hannu, tana ƙoƙarin danne dariya. Ta ce, "Ka yi haƙuri, Malam. Takardun jarrabawarmu in ka yi maki, da warin suke dawowa. Duk aji an sani. 'Yan aji ɗaya ma sun sani. Suna kiran bayan janareta ofishinka na biyu."

Shekara ashirin da shida ina sayen minti.

Na ce to don me ba ta gyara da kanta ba, ta bar babanta yana ta nuna wa duniya biyar da biyar? Ta ce, "Ba a taɓa amsar mutum, sai shi da kansa ya canja." Sai kuma muryarta ta sauya. Ta ce da ban canja ba, da haka za ta miƙa shi ranar Juma'a, kuma da ba za ta ƙara yarda da wata doka da na rubuta a allo ba. A nan ne idonta ya kawo ruwa. Ni kuma na tashi na ce ina da aji, alhali an riga an tashi.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Na sa ta rubuta a rahoton cewa an gyara fom ɗaya bayan mai shi ya dawo ya janye amsarsa ta farko. Dole alƙalai su sani. Ta ce sai an faɗi ko wane ne? Na ce a'a, fom ba shi da suna. Amma na je na faɗa wa shugabar makaranta da bakina, tunda ni ke sa hannu.

Ta cire tabarau ta ce, "Malam, mai gadi sau nawa ya kawo min ƙara kan guntayen sigarin da ke bayan janareta. Kusa da man fetur kake sha, ka sani?" Ta ce daga yau sai dai in sha a wajen gate ɗin makaranta.

Shi ke nan. Ko mamaki ba ta yi min ba, don mutunci.

Juma'a, 14 ga Nuwamba

An miƙa.

Asabar, 22 ga Nuwamba

Ta zo ta uku. Alƙalai sun ce mutum talatin sun yi kaɗan, kuma mutum ɗaya ya yi nauyi da yawa a sakamakon. Gaskiyarsu, ni ma da haka zan ce. Amma ɗaya daga cikinsu ta tsaya ta karanta sashen matattun da ba sa cika fom a bainar jama'a, ta ce wannan yarinyar a bi ta a hankali, za ta yi nisa. Na tafa har hannuna ya yi zafi. Sai tari ya kama ni, na fita waje.

Talata, 25 ga Nuwamba

Bakanike ya aiko a ce min in kawo motata, wai ya ji ƙararta a ƙofar makaranta ba ta yi masa ba.

Na je bayan an tashi. Mutum ne gajere mai faɗin kafaɗa, hannunsa baƙi da mai. Ya buɗe gaban motar, bai taɓa komai ba. Ya ce, "Malam, kai ne ka ɓata min biyar da biyar ɗina?" Na ce ni ne. Ya ce da yana da hujja mai kyau, yanzu na bar shi a rana.

Bangon babu takarda, sai alamar gam.

Ya ce talatin ai ba mutane ba ne. Na ce haka ne. Ya ce kakansa ya sha har shekara tamanin. Na ce nawa ma haka. Sai ya ce, "Wannan oksijin ɗin, da gaske mutum yana jin kamar an danne shi a ruwa?" Na faɗa masa yadda yake. Na faɗa masa na gwangwanin biskit ma, ban san me ya sa ba. Ya daɗe yana goge sifana ɗaya da tsumma. Ya ce shi ba shi da fili, garejin nan kaɗai ne.

Ya ciro kwali ya miƙo min. Na ce yanzu na sha. Ban sha ba. Shi ma ya juya kwalin a hannu ya mayar aljihu, ya ce dama bai kamata a kunna wuta kusa da inji ba.

Motar lafiyarta ƙalau. Ya ƙi karɓar komai.

Juma'a, 28 ga Nuwamba

Kada wani ya ɗauka wani abu ne. Ban daina ba, ban yi wa kowa alkawari ba, kuma ba zan tsaya a taron safe in yi kuka a gaban yara ba. Kwalin da na saya ran Litinin har yanzu da saura biyar a ciki, amma wannan saboda gate ɗin ya yi nisa ne, hutun kuma minti ashirin ne kawai. Asibitin da zan je ran Alhamis a auna numfashina, maman yara ce ta karɓo katin, ba ni ba.

Don-me ta ce tana so ta sake binciken kafin ta gama makaranta, da mutum ɗari biyu, har da mata, har da iyalan waɗanda suka rasu. Mun zauna muna gyara fom ɗin. Na ce mata tambayar farko tana da naƙasu. I da a'a ba su isa ba, dole a ƙara gurbi na uku, na waɗanda suka sha suka bari, da layin da za su rubuta tun yaushe.

Ta ce, "Wa zai shiga wannan gurbin, Malam?"

Na ce ba ruwanta da wa zai shiga. Fom ne, dole ya cika ƙa'ida.

Ta rubuta.